Gashin da Ya Ƙi Yankuwa

3 ga Oktoba

Zuwa ga 'yata Hazel,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya Colin da yara? Ina fata tarin nan ya saki autanku. Ni lafiya lau, ban da gwiwar da ke tashi duk sanda aka yi ruwa.

Kin tambayi labarin Mamanki. Tana ci, tana barci, ma'aikatan gidan tsofaffin suna iya ƙoƙarinsu. Amma tun bazara ba ta kira sunana ba. Jiya ta dube ni da fara'a ta ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Shekara hamsin da ɗaya da aure, Hazel. Na koma mota na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Mavis maƙwabciyarmu ta ce ƙamshi na tayar da tunani. Ta gasa wa Mamanki kek ɗin hatsin ots, irin wanda ita Mamankin ke kai mana ranar askin tumaki. Ya yi kyau ƙwarai. Mamanki ta ci, ta yi godiya kamar baƙuwa, shi ke nan. Zan gwada da hannuna, ko da yake kin san ni da kicin, ruwan shayi ma sai na ƙona.

Ki shafa mini kan yara.

Babanki,
Wilf

12 ga Oktoba

Hazel 'yata,

Da fatan kuna lafiya. Zauna tukuna ki karanta.

Na bi takardar girkin Mamanki daki-daki: ots, man shanu, sukari, zumar rake. Ya gasu, na ajiye a bakin taga, sai tumaki suka tsallake katanga. Kafin in tattaro su ya huce, ya zama dutse, wuƙa ta ƙi shiga. Haka na ɗauki tiren ɗungurungum na kai wa Mamanki, kunya kamar in nutse.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ƙwanƙwasa shi da cokali, ta haɗe rai.

"Wilf Harker! Sau nawa zan gaya maka da ɗuminsa ake tsagawa? Kunnen ƙashi kawai. Miƙo wuƙar nan kafin ka yanke yatsa."

Ta yi ta fama har ta ɓallo kusurwa, wadda ta ɗan ƙone, ta turo mini gabana. Kin san tun ranar da na fara zuwa gidansu kusurwar da ta ƙone ita ce rabona. Na ci, na kusa rasa haƙori, ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Bayan minti goma hankalinta ya sake yin nisa, amma hannuna na cikin nata.

Mavis ta ce in zo ta koya mini yadda ake yi. Na ce ta riƙe iliminta, na gode. Lahadi mai zuwa ma sai ya huce sarai zan kai wa Mamanki.

Naki har kullum,
Babanki