Shekara Tara a Ƙugun Dama

Litinin, 3 ga Maris

Yau shekara tara cif da aka sa mini sabuwar gaɓa a ƙugun dama. Ɗan tsagi suka yi, tabon bai kai tsawon yatsana ba. Washegari na taka ƙasa, bayan wata biyu na koma kan keken ɗinkina. Tun daga lokacin babu mai ɗingishin da ya shigo shagona ya fita ban yi masa wa'azi ba. Maigida ya ce ko likitan da ya yi aikin bai kai ni iya tallarsa ba.

Ƙanwata Auta ta kira. An sa mata ranar nata aikin ƙugun, 9 ga Afrilu. Shekara biyu ina fama da ita, tsoron wuƙa ya hana ta. "Don na gan ki ne na yarda, Yaya," in ji ta. Daɗi har kunnena.

Alhamis, 6 ga Maris

Abin nan ya sake yi. Ina taka feda sai tsuk a matsematsi, kamar an soka mini allura. Sati na uku ke nan. Sanyi ne kawai.

Asabar, 8 ga Maris

Na ninka motsa jikin safe. Ni da shi, mu zuba mu gani.

Laraba, 12 ga Maris

Na tsuguna zan auna ƙasan siket ɗin wata mata, tashi ya gagara. Na kama ƙafar tebur ina lalube a ƙasa, wai almakashi nake nema. Ashe Maigida na bakin ƙofa. Da matar ta fita ya ce, "Ga almakashin nan a aljihunki." Ya ce in je a duba ni. Na ce sai bayan an yi wa Auta. Ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Shi bai gane ba. In Auta ta ji, fasawa za ta yi, na san halina na san nata. Mace ce da ta shekara ba ta hau matakalar ɗakinta ba, a falo take kwana, takalmi ma sai an sa mata. Ba zan zama sanadin da za ta ƙare a kan kujera ba.

Talata, 18 ga Maris

Na je asibiti, don Maigida ya bar ni in sha ruwa. Likitana ya yi ritaya, wata sabuwa na tarar. Ta ɗora hoton ƙashin a jikin fitila ta nuna mini da biro. Ƙarfen yana nan daram, amma robar da ke tsakani ta cinye ta gefe ɗaya. "Mama, awa nawa kike yi a kan keke?" Na rage biyu na faɗa, duk da haka sai da ta ɗaga gira.

Sai an canza robar, kuma wataƙila tsagin ya fi na farko. Ta ce wasu na kai shekara ashirin ba a taɓa su ba. Wato ni mai wa'azin ce na kasa kai goma. Na ji haushi, kunyar ta fi.

Juma'a, 21 ga Maris

Ba zan gaya mata ba. Na gama magana.

Lahadi, 23 ga Maris

Na gaya mata.

Na kai mata rigar da na ɗinka mata ta zaman asibiti. Ta riƙe hannuna ta ce, "Tsakani da Allah, Yaya, ko sau ɗaya bai taɓa damunki ba?" Bakina ya ƙi yin ƙaryar. Na kwashe komai na faɗa, har zancen robar. Ta saki hannun. "Da sai an kwantar da ni an yanka zan ji?" Na ce don ita na yi shiru. Ta ce a'a, don kaina. Na ɗauki jakata na fito.

Alhamis, 27 ga Maris

Kwana huɗu ba ta ɗaga wayata ba. In ta fasa, ni na jawo. Gobe ma zan kira.

Litinin, 31 ga Maris

Ita ta kira. Ta sa mijinta ya kai ta wurin likita, ta yi duk tambayoyin da ban taɓa bari ta yi ba, don kullum ni ke amsawa kafin ta rufe baki. Ta ce, "Shekara tara kika yi kina bin bas da gudu, kina ɗaga jikoki. Ni ko tara ɗin aka ba ni, hannu biyu zan sa in karɓa." Ba ta fasa ba. Na rufe shago na yi kukana.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An yi wa Auta aikin jiya, lafiya lau. Nawa kuma 20 ga Mayu, na sa hannu da kaina.

Yau mai gashin ƙashi ta tayar da ita da abin dogarawa. Taku shida ta yi, gumi na zuba, idonta a kan ƙofa, so take ta kai don in gani. Sai na ji na ce, "Ya isa haka, ba tsere ake ba. Zauna." Ta juyo ta kalle ni. "Ke ce kuwa, Yaya?"

Ta zauna a bakin gado. Ni ma na ja kujera. Ta tambaye ni ko ƙugun ne, na ce eh, yana ciwo.