Abin da Baffa Ya Raɗa wa Saminu

Daura,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yayana Sada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka a Fatakwal, Ya ƙara maka buɗi. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida, gero kuma ya yi kyau a gonarmu ta Dutsi. Na zaɓi rubutu ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai aya, ni kuwa yau sai na kai.

Saƙonka ya iso, wai a rufa wa Baffa Ɗantsoho asiri, kada Haulatu ta je gaban kwamitin bincike. Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Kana can bakin teku kana yanke hukunci a kan wutar da ko hayaƙinta ba ka shaƙa ba. To, ni ina wurin. Na je gidan Baffa a Sandamu yi wa surukarsa Rahama barkar haihuwa, bayan azahar wayar lantarki ta kama da wuta a ɗakin baya. Muka fito da mai jego da jaririyarta ta gidan maƙwabta. Da motar 'yan kwana-kwana ta iso daga Daura, sai ga ƙanenmu Saminu a cikin tawagar.

Ogansu mutum ne mai natsuwa. Kafin a ja tiyo ya tsayar da Baffa a ƙofar zaure, ya tambaye shi ko akwai sauran mutum a ciki, ko tukunyar gas, ko fetur. Baffa ya dubi idonsa ya ce babu komai sai kayan ɗaki. Alhali ni da kai mun san jarkokin fetur da yake tarawa yana kaiwa Kongolam, bakin iyaka. Da soron ya sha ruwa ya yi nauyi, azara ta fara ƙara, Oga ya busa usur, ya ce kowa ya fito, daga waje za a ci gaba da feshi. Duk suka fito, har da Saminu.

Ina tsaye a jikin katanga Baffa ya jawo shi gefe. Da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba. Cewa ya yi, "Ɗan nan, jarkokin suna ɗakin tsakiya. Fitar min da su ta baya kafin mutumin naku ya gani." Ka san Saminu. Tun rasuwar Baba a hannun Baffa ya tashi, har gobe ba ya haɗa ido da shi, balle ya ce masa a'a. Ya gyara hular kwanonsa ya kewaya. Na ƙwala masa kira, hayaniya ta haɗiye muryata. Kafin in kutsa cikin taron in kai ga Oga, shi ya riga ya duba yaransa ya ga babu Saminu, ya tura wani abokin aikinsu mai suna Harisu ya nemo shi. Suna ciki jarka ta tashi.

Allah Ya yi da sauran kwana, Harisu ya jawo shi suka fito. Hannuwan Saminu biyu suna cikin bandeji, ni nake ba shi abinci a baki, ni nake kama masa buta. Harisu kuwa, wanda bai haɗa komai da mu ba, yana kwance rub da ciki saboda bayansa duk ya sale. Matarsa Siddiƙa ta tambaye ni abin da mijinta ya shiga nema a gidanmu. Oga da kansa ya gaya min da an faɗa masa gaskiya tun a zaure, da ya janye kowa nesa, gida ya ƙone amma babu wanda zai ji ciwo.

Yanzu kwamiti zai zauna gobe Alhamis. Abin da ke gabansu shi ne Saminu ya karya umarni don ganin dama, ya jefa abokin aikinsa a haɗari, kuma hukuncinsa kora. Na yarda ya yi kuskure, na kuma faɗa masa ido da ido cewa a bakin wuta mutum ɗaya ke ba da umarni, ko da uban da ya haife shi ne a tsaye a wurin. Amma a kore shi da sunan mai taurin kai, wanda ya tura shi kuma yana zaune a kan tabarma ana yi masa jaje? Baffa sau ɗaya ya leƙo asibiti, ya ajiye lemo, ya ce ƙaddara ce. Ko sunan Harisu bai tambaya ba.

Jiya na roƙi Saminu ya faɗi gaskiya. Ya kalli hannuwansa ya ce, "Yaya Haulatu, ba zan iya ambaton sunansa ba." Na san ba zai iya ba, haka muka raine shi mu duka, muna yaba masa da kunya. To, ni zan iya. Inna ta ce ba ta aike ni ba, ba ta kuma hana ni ba. Kafin takardar nan ta shiga hannunka na riga na faɗa, don haka kada ka ɓata katin wayarka. In fushi za ka yi, ka zo gida ka yi shi a gaban gadon Saminu, ka karɓe ni ba shi abinci.

Ka gaida Anti Murjanatu da kyau, da Muhammad da Amatullah. Inna tana sa maka albarka. Saminu ya ce in gaishe ka, in kuma ce kada ka ga laifin Baffa. Na isar da gaisuwar, sauran ban ɗauka ba.

Ƙanwarka, duk da fushin,
Haulatu.