Ɗacin Tamu

Litinin, 5 ga Afrilu, 1993

Zafi ya kai zafi a Jega. Baba na kwance tun bayan Sallah, ɓarin dama ya shanye, baki ya tafi. Na karɓi gidan burodi na ɗan lokaci kawai, aikina na jirana a Birnin Kebbi.

Yau Garba direban albasar Aliero ya leƙo. "Waliyyu, ina ɗacin Tamu? Bana ba a yi?" Na ce burodi muke sayarwa, ba magani ba.

Juma'a, 9 ga Afrilu

Baba ba ya cin komai sai kurɓin ruwa. Yayata Gudiya ta ce shayinsa yake so.

Wannan shayi dai! Shi mutane ke kira ɗacin Tamu, da sunan Baba. Wani kuku ɗan Kanton ta ƙasar Sin, Mista Lam, ya koya masa lokacin da suke dafa wa Sinawan masaƙa abinci a Kaduna. Wai yana fitar da zafi daga cikin jiki. Da ganyen can ya ƙare, Baba ya nemo 'yan'uwansa a dajin Kimba. Duk bazara sai ya girke tukunya a bakin ƙofa, baƙi ƙirin, ba sukari, kowa ya sha kyauta. Ni tun ina yaro nake gudunsa. Ban taɓa tambayar yadda ake yi ba, shi ma bai taɓa matsa mini ba.

Talata, 13 ga Afrilu

Na sami buhun ganyen da saiwoyin a ɗakin fulawa. Na tafasa a buta, na kai masa. Ya ɗanɗana, ya kau da kai. Sai ya ɗaga hannun hagu yana nuna wajen tanderu. Na ɗauko masa burodi mai zafi. Ya rufe ido.

Lahadi, 18 ga Afrilu

Na ƙara ganye. Na rage ganye. Har sukari na saka, Allah ya yafe mini. Kullum hannun nan sai tanderu, ni kuma kullum sai burodi, ya bushe a gefen tabarma. Yau hawaye na gani a idonsa. Na fita waje na yi nawa kukan.

Ina tsoro ya tafi ban ba shi abu ɗaya da ya roƙe ni ba.

Alhamis, 22 ga Afrilu

Numfashin Baba sama-sama.

Laraba, 28 ga Afrilu

Ina sharar toka da safe, Gudiya ta kawo mini koko. Ta leƙa cikin tanderu ta ce, "Wanga baƙin zobe na mi na?" A kusurwa, inda ba ma sa farantin burodi, ga shaidar gindin tukunya, ta shekara da shekaru.

Ashe ba burodi yake nunawa ba. In an kwashe burodin ƙarshe, cikin sauran zafin yake tura tukunyar ƙasa ta dahu a hankali. Ni da boko na, mako biyu ina kai wa mutum abin da ba ya iya haɗiyewa.

Na tura tukunya bayan azahar. Na durƙusa na gaya masa a kunne. Ya matse mini yatsa.

Ya cika kafin la'asar. Tukunya na ciki.

Juma'a, 7 ga Mayu

Mun buɗe gidan burodi. Ban san ko na dafa shayin nan daidai ba, kuma wanda zai faɗa mini ya tafi.

Asabar, 15 ga Mayu

Na sake tura tukunya jiya, don kada ganyen ya lalace. Na ajiye a bakin ƙofa ban ce wa kowa komai ba. Garba ya tsaya da lodin albasa, ya ɗiba a moɗa, ya kurɓa. Fuska ta yamutse kamar tsohuwar jaka. Sannan ya ce, "Shi na, wallahi. Allah shi jiƙan Tamu." Ya juya yana goge ido, wai albasa ce.

Da ya tafi na sha moɗa guda. Ɗaci har kunne. Saboda zafi ne kawai.

Ganye ya kusa ƙarewa. Gudiya ta ce akwai wata tsohuwa a Kimba da take raka Baba tsinka. Birnin Kebbi sai bayan damina.