Sunan Yaya Mahmud a Bakin Inna

Zuwa ga Yaya Bilkisu a Damazin,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina maigida da yara? Ki gaishe min da Nasiba mai kan kabewa. Mu nan lahiya lau, dawa ta yi kai a hawasha, gonarmu ta ban ruwa.

Yaya, na jawo magana, kuma wallahi ban san ta inda ta ɓullo ba. Kin san daktora Najwa ta mustashfa, asibitin da muke kai Yaya Mahmud. Wata ƙungiya ta ba ta ɗan tallahi ta gwada sabuwar hanya ga masu ciwonsa, wanda ta ce sunansa fisam, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa mutum jin muryoyin da babu su. Allura duk wata, sannan wani na gida ya zauna a koya mishi kula da mara lahiya. Mutum kaɗan za ta ɗauka. In abin ya yi kyau, wai a ƙara mata kuɗi. Tun da aka fara, Yaya ya rage gardama da muryoyin nan, har ya kama ban ruwa.

To, ta tambaye ni yaya zamansa da Inna. Ni kuma bakina bai zama wuri ɗaya. Na murtuƙe fuska na ce tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, in ya shigo ɗaki sai ta kau da kai. Ina jira ta yi dariya, sai na ga ta rubuta. Na ce ai ɗan fari ne, kunya ce irin tamu. Ta rubuta wannan ma! Yanzu wai in babu uwa mai tsaya mishi, sai ta ba wani gurbinsa. Gaskiya na faɗa ko ƙarya? Ni dai ban gane ba.

Ƙanenki,
Bilyaminu

Yaya Bilkisu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lahiya. Saƙon zaginki ya iso, na karɓa.

Inna ta tahi mustashfa da ƙafarta. Daktora ta tambaye ta wa ta rako. Ta ce wancan. Daktora ta ce wancan wa? Inna ta ja tobin da ta yafa ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa, ta ce Mahmud ɗana.

Sai Yaya ya toshe kunnuwa ya fashe da kuka. Ya ce wa daktora khalas, shi ke nan, allura ba ta aiki, ga sabuwar murya ta zo, muryar Inna tana kiran sunansa. Daktora ta dube ni, na dubi Inna. Dole aka sa ta sake faɗi yana kallon bakinta. Gumi na zuba mata kamar mai tsinkar auduga.

Ba a cire shi ba, alhamdulillah. Amma da muka dawo gida Inna ta koma wancan ɗinta, ta ce sau guda ake yin irin wannan a duniya. Shi kuma kullum da sahe sai ya jawo ni bayan rumbu ya tambaye ni ko ni ma na ji Inna ta kira sunansa. Ina ce mishi na ji. Sai ya daɗe yana duban idona, ya ce in rantse.

Yaya, ki zo da Sallah ki roƙi Inna ta ƙara ko sau ɗaya. Rantsuwata ba ta isarsa.

Naki,
Bilyaminu