Filin da Jatau Ya Share a Gazawa

Zuwa ga aminina Jatau,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma raina a ɓace yake, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara sai kai.

An samu mulkin kai, Jatau, ka yi gaggawar tafiya da damina ɗaya. Yaran lakol, 'yan makarantar nan da ka koya wa ƙwallo, sun je Maraɗi sun ciyo kofi. An yi kiɗa, an yi jawabai, ko sunanka ba wanda ya ambata. Yanzu kuma mutanen buro, ma'aikatan gwamnati, sun ce filinmu na ƙwallo za a mayar wurin tara buhunan gyaɗa. Wai saura ne na Nasara!

Wane Nasara? Kai da kumandan, Baturen mulki, ko gaisuwar kirki ba ta haɗa ku. Can ƙasarku Sikotlan ƙwallo ce sana'arka, har muna yi maka dariya, ƙato da gemu a biya shi don wasan yara. Da gwiwarka ta karye suka yar da kai kamar tsohon kwando, ka zo nan awon gyaɗa. Waɗannan masu takalma suna ina ranar da muka yi gayyar share filin, kana durƙushe da gurguwar ƙafa kana tsince ƙarangiya da hannu? Suna ina ranar da ka tuɓe takalmanka don kada ka taka mu, mu da ke wasa ƙafa ba komai?

Da zazzaɓi ya ɗauke ka, danginka ko ɗuriyarsu ba mu ji ba. Mu muka haƙa maka kabari a bayan ragar gabas. Nan ɗin suke son jibga buhuna, a kanka.

Ban taɓa gaya maka ba, Hausarka ba ta da daɗin ji ko kaɗan, amma ɗan'uwa na ɗauke ka, har gobe. Ina kuma jin haushinka da ka bar ni da wannan faɗa ni kaɗai.

Motocin gyaɗa na nan tafe ran kasuwa. Kai ka koya mini mai tsaron raga ba ya barin ragarsa ko sama za ta faɗo. To, a nan za su same ni tsaye, kana bayana.

Sai mun haɗu.

Naka har abada,
Isuhu, mai tsaron raga