Lambros Yana Tsallaken Kogi

Talata, 29 ga Oktoba, 1940
Da yamma na fita in kunna wa Lambros fitilar kabarinsa, sai na tarar da sojoji rataye da igiya a ƙarƙashin gada suna huda dutse. Sajansu, wani Timiyos, ya ce Italiyawa na gangarowa ta kan duwatsu, ranar Juma'a za a tashi gadar da nakiya. Na ce to ai maƙabartarmu tana tsallake, mijina yana can. Ya ce, "Yaya, ki bar shi, shi kaɗai ne ba ya tsoron Italiyawa." Wai shi mai ban dariya. Na haye, na zuba mai, na dawo. Shekara biyu da ɗoriya ke nan kullum, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Gwiwoyina sun gaji.

Laraba, 30 ga Oktoba
Inna Marigo, uwar Lambros, ta ƙi cin abinci. "A tono mini ɗana, amarya." Har yau amarya take ce mini, ga furfura a kaina. Na je wurin Fada Sotiris, limamin cocinmu. Ya ce sai mamaci ya cika shekara uku ake tono shi a wanke ƙashi da ruwan inabi a sa a akwati. In an buɗe yanzu aka tarar ƙasa ba ta gama da shi ba, duk gari sai ya ce mai zunubi ne. Na faɗa mata. Ta ce Fada ba shi ya yi naƙudarsa ba.

Alhamis, 31 ga Oktoba
Na ɗauki fartanya da buhu na tafi ni kaɗai. Ƙasar lugub, an sha ruwa. Na yi sara kaɗan, sai na zauna. Haka kawai. Ina jin bindigogi daga sama, ina kallon sunansa a jikin gicciye. Na ce wa kaina tsoron abin da zan gani ne. Wataƙila. Na mayar da ƙasar, na cika fitila har baki.
A gida na ce sojoji suka kore ni. Inna ta dubi buhun, ta dube ni, ta juya fuska bango.

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Sun tashi gadar da hantsi. Tagogin coci duk sun zube. Inna na ta ƙwala wa ɗanta kira kamar ya tafi kiwo ne.

Asabar, 2 ga Nuwamba
An ce Italiyawan sun maƙale da alfadaransu a can sama. Maza na ta murna. Ni burodi na gasa wa sojoji har hannuna ya daina ɗaguwa.

Talata, 5 ga Nuwamba
Ban sani ba ko ya dace in rubuta wannan. Yau yamma ta yi, lokacin kunna fitila ya wuce ban lura ba. Ina zaune a bakin ƙofa ba takalmi, ina ɓarar wake, ƙafafuna a miƙe. Rabona da in ga faɗuwar rana daga ƙofar gidan nan tun Lambros yana da rai. Na ci tuwon masara kwano biyu, wallahi har kunya na ji.
Inna ta fito ta zauna kusa da ni tana kallon tsallake. Ta ce, "Allah ya sa a sake gina gadar kafin bazara, amarya, ki koma masa."
Na buɗe baki in ce amin. Sai na ci gaba da ɓarar wake.