Kitsen Rago a Sabuwar Bindigar Baba

Zuwa ga ƙanena Nusret,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Azemina da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sassauta muku sanyin Malmo. Mu nan sai godiya. An sauko da tumaki daga kan dutse kafin ƙanƙara, cukun bana ya yi kyau, ƙafar Mama kuma ta sace tunda ta yarda ta zauna wuri ɗaya.

Yanzu da abin ya wuce zan iya gaya maka. Bindigar da ka sa aka sayo wa Baba ta kusa kwantar mana da shi. Ranar da ta iso ya narka kitsen rago ya shafe cikin bututun, yadda kakanmu yake yi wa tasa, wai maganin tsatsa. Ya kafa allo a bayan gonar tuffa ya harba biyar, kowane harsashi ya kama gabansa. Washegari ya ƙara kitse ya sake, haka dai. Ka san gwajin harbi da ƙungiyar mafarauta ke yi lokacin kaka: wanda bai sami allo ba, ba ya shiga layin korar kyarkeci. Shekara arba'in da ɗaya gurbin Baba a layin shi ne bakin rafin nan, sai ga shi yana cewa idonsa ne ya ƙare, zai je ya miƙa takardar izinin farautarsa ranar Juma'a. Ya daina zuwa shan gahawa, abinci sai ya tsakura ya ture. Wallahi na tsorata, Nusret, ban taɓa ganinsa haka ba.

Ka san ni da rashin haƙuri. Na ce mutumin da yake hango tunkiya mai ɗingishi daga ƙofar gida har gangare, shi ne makaho? Ya ce in fita harkarsa. Ban fita ba. Na gangara na kira Vlajko, tsohon nan mai gyaran bindiga na kusa da gada. Da ya sansana bututun sai ya ce wa Baba, Hamdija, bindiga ce wannan ko tukunyar miya? Baba ya ce da kitsen nan aka kashe kyarkeci tun Vlajko yana tsotson yatsa. Vlajko ya ce to, sai ka zuba albasa a ci.

Ya bayyana mana cewa sabon bututu yana da kaushi a ciki, yana kankare jan ƙarfen jikin harsashi yana tarawa, ga kitse kuma ya ƙone a kai. Sai an hore shi: harbi ɗaya, a zura tsumma da ruwan magani, a jira, a goge, a busar, sannan a sake. Tsumman farko ya fito baƙi ƙirin, na bayansa shuɗi. Muka wuni a gonar, ni ke yanka tsohon zanen gadon Mama, su biyun suna zagin juna. Da la'asar tsumma ya fara fitowa fari. Baba ya kwanta ya harba uku, muka je muka duba allon, marfin kwalba ɗaya ya rufe ramukan duka. Ya juyo ya tambaye ni ko akwai sauran burek, gashin fulawar nan mai nama a ciki. Na ruga gida da murna na ɗauko masa.

Ranar Asabar ya ci gwajin, bakin rafinsa yana nan. A hanyar dawowa na ce masa me ya hana shi zargin bindigar tun farko. Ya ce, ai Nusret ne ya saya, gara a ce idonsa ne ya mutu da a ce ɗansa ya saya masa ta banza.

Don haka in ka kira zai ce maka tun harbin farko ba ta taɓa kuskure ba. Don Allah ka ce madalla, kada ka nuna ka sani.

Mama tana gaishe ku, haka Gwaggo Zumreta da mijina Sakib. Ka gaida Azemina, ka shafa min kan Lamija da Tarik.

Taka yayarka,
Mevlida